Fatar da Za Ta Jawo Ruwa

"Wannan ma ba ta yi ba."

Mai Famfo ko kallonta bai yi ba. Babban yatsansa kawai ya zagaya da shi a bakin fatar, sau ɗaya, ya miƙa wa Baduku abarsa kamar mai mayar da ruɓaɓɓen ƙwai.

Baduku ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu. Fatar nan ba ta fi tafin hannu ba, an lanƙwasa ta kamar ɗan ƙaramin kofi mai huda a tsakiya, amma kwana uku ta ci masa. Kuma ita ce ta bakwai.

"Injiniya, shekara hamsin ina yanka fata. Tun kana yawo ba wando."

"Tun ina yawo ba wando kake takalmi. Wannan kuwa ba takalmi ba ne." Mai Famfo ya dakata ya nemo numfashi, don a kwanakin nan magana ma sai ya yi mata tanadi. "Ka taɓa bakinta bayan ta fito daga kaki."

"Wa ya ce?"

"Ita ta ce."

Gwaggo, matar Baduku, tana tsakar gida tana shanya. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ya taɓa. Da idona na gan shi. Ya ba ni baya kamar ɓarawon nama."

"Ke aka tambaya?"

"Ni ba sai an tambaye ni ba, Malam. Ji nake in amsa."

Mai Famfo ya soma dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari. Sai da Baduku ya durƙusa ya tallafe shi ya gyara masa buhunan da yake jingina da su, don ya fi wata guda bai iya kwanciya sosai ba. In ya miƙe a tabarma, ruwan ƙirjinsa sai ya taso masa.

To, sai mun ɗan koma baya, don a san yadda aka yi tsoho mai taurin kai irin Baduku ya bar takalman mutane jibge a shago ya koma yi wa baƙo ɗan aike.

Wata huɗu kafin nan, mai gidan da su Baduku ke haya ya ajiye wani mutum a ɗan ɗakin da ke jikin na Baduku, wanda da ake zuba siminti a ciki, don ya riƙa gadin kayan gini. Kowa ya ji harshensa ya san daga tsallaken iyaka yake, kowa kuma ya san ba shi da takarda. Ba wanda ya tambaye shi, ba kuma wanda ya sake da shi. Baduku ma gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga nesa.

Ran nan da hantsi baƙon ya kawo takalminsa a ƙara masa maɗauri, ya ce ya matse shi. Yana zaune a ƙarshen benci ba takalmi, 'yan zaman shago sun cika sauran wurin, sai rediyo ta ce gwamnati ta dakatar da ragowar tallafin da take bai wa ƙasar tsallake, har sai sun hana mutanensu kwararowa ba takarda.

"Madalla!" in ji Baduku, da basilla a baki. "Tun bara da aka rage rabi ya kamata a yanke duka. A kai musu can, kuma su biyo mu gida? A ci a tsallake, a zo nan a suɗe hannu?"

'Yan benci suka yi dariya, wasu na satar kallon baƙon. Shi kuwa hannu ya sa a aljihu ya fito da wata baƙar roba, ta cinye har ta tsage a gefe, ya ɗora a kan teburin aiki.

"Maigida, ka san wannan?"

"Roba ce."

"Ƙauye ne."

Sai ya yi bayani a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Famfon tuƙa-tuƙa arba'in da uku yake dubawa a can ƙasarsu. A ƙasan kowanne, can cikin rijiya, akwai wannan robar, ita ke kama ruwa ta hau da shi. In ta cinye, ka yi ta tuƙi har kafaɗarka ta fita, iska za ka jawo.

"Da, duk wata uku mota na kawo mana sababbi, cikin tallafin nan da kake faɗa. Bara da aka rage, motar ta daina zuwa. Famfo ya tsaya, mata su koma na ƙauyen gaba. Shi ma aiki ya yi masa yawa, ya tsaya. In na uku ya tsaya, sai a ɗaure kaya. Ina za a nufa? Inda aka ji ana ɗiban ruwa." Ya dubi rediyon. "Yanzu an ce mun yi yawa, an yanke sauran."

Wani daga benci ya ce, "To kai mai gyara, me ya fito da kai? Ai kai ne na ƙarshen tashi."

"Robar na zo nema. Na zaga kasuwarku kaf. Ku nan kun daina irin wannan famfon, inji kuke sawa. Na ce in juya, ƙafa ta ce ba da ita ba."

Baduku ya ɗauki robar yana juyawa, ya sa ƙumba ya auna kaurinta.

"Kafin a yi roba, da me ake yi?"

"Da ƙirgi. Ina yaro na ga wani tsoho yana yi. Na san yadda ya kamata ta ji a hannu, amma hannuna na ƙarfe ne, ba na fata ba."

Kar wani ya ce tausayi ne ya kama Baduku. Ina! An dai ambaci fata a gabansa ne, an kuma ce wani tsoho ya iya. Ya cire basilla daga baki ya ce, "In dai ƙirgi ne, ka zo gidansa."

Tun daga ranar sunan baƙo ya koma Mai Famfo a bakin 'yan gida, Injiniya a bakin Baduku. Ashe a buhun da ya tsallako da shi ba tufafi ba ne, silindar famfo ce ta tagulla, mai nauyin jariri. Suka kafa ta a cikin duro a tsakar gida, suka sa mata guntun bututu da rodi mai mariƙin katako, yadda in an ja ruwa zai fito ya koma cikin duron. Baduku ya sassaƙa katako biyu, mace da namiji, daidai awon da aka ba shi. A jiƙa ƙirgi a ruwan ɗumi har ya yi laushi, a sa shi tsakanin katakon a ɗaure da noti, a bari ya bushe, a datse baki, a tsoma a narkakken kakin zuma da kitse. Aikin ke nan. A faɗe kamar wasa.

Ta farko Baduku ya bi bakinta da ɗinki, wai fata ba ɗinki ai tsirara ce. Ruwa ya bi ta ramin allura ya tsiyaye. Ta biyu ya yi da jan fatar takalmi, duro ya koma kamar an yi yanka a ciki, Gwaggo ta yini tana tsokanarsa. Ta uku ya juya gefen gashi waje, mai santsin, don shi a saninsa kyakkyawar fuska ita ake nuna wa duniya. Mai Famfo ya ce a ƙasan rijiya ba mai kallo, gefen nama ake so a waje. Duk wannan ya wuce. Amma ta huɗu da ta biyar da ta shida, ciwonsu ɗaya: ranar farko su jawo ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baduku ya yi ta taƙama, washegari rodi ya ƙi motsi ko da ƙarti biyu.

Yau ga ta bakwai ko ruwa ba ta kai ga gani ba.

Da tarin ya lafa, Baduku ya zauna a kan bulo ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na taɓa. In na sa ta a silinda sai in ji tana rawa a ciki. Ni ban taɓa barin aiki sako-sako ya fita daga hannuna ba. Sai in ɗan buɗa bakin tun kakin bai huce ba. Kaɗan ne fa."

Mai Famfo ya janye zanen da ke rufe da ƙafafunsa. Sun kumbura sun yi sumul suna ƙyalli, yatsun kamar an dasa su.

"Sau nawa ka ƙara mini maɗaurin takalmi?"

"Uku."

"Ƙafar ce ke girma? Ni da furfura?"

"Ruwa ne."

"To. Kai ka saba da fatar da ke saki, shi ya sa kake yanka ta da matsi. Wannan sha za ta yi ta kumbura. Ka yanka wa ƙafar jibi, Maigida, ba ta yau ba."

Baduku ya daɗe yana kallon ƙafafun nan. Sannan ya ce, "Tashi mu je asibiti."

Wannan magana an yi ta ta fi sau goma. Gwaggo ta yi da lallashi, ta yi da faɗa. Mai kemis na bakin titi, wanda ke ba shi ƙwayar rage ruwa, ya ce abin ya fi ƙarfin kantinsa. Amma a ƙofar asibiti kati ake fara tambaya, wanda ba shi da shi kuwa ana duba shi, sai dai daga gado mota ce ke jiransa zuwa wurin da ake tsare baƙi.

"In na gama, ku kai ni duk inda kuka ga dama," in ji Mai Famfo. "Ba zan je in mutu a layin jiran mota ba, fata tana nan tana rawa a hannunka."

Baduku ya miƙe ya karkaɗe riga. A ranar ya jiƙa ta takwas ya ɗaure ta a katako.

Washegari da rana 'yar wayar Mai Famfo ta yi ƙara. Autarsa ce, wadda ya bar wa sifanoninsa da famfunan da suka rage. Tun tana 'yar shekara goma take bin sa bakin rijiya tana riƙe masa rodi, har mutane suna cewa ya mai da 'ya mace makaniki. Hannunsa ba ya iya riƙe wayar a kunne, don haka Baduku ya buɗe muryar ya riƙe masa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya famfo?"

"Kai dai ba ka da gaisuwa sai ta famfo."

"Shi ne ba shi da bakin faɗa. Ya yake?"

Ana jin hayaniyar mata da ƙarar bokitai a bayanta.

"Na bakin makaranta ya tsaya shekaranjiya. Saura namu. Ƙauye bakwai a kansa, Baba. Na juya robar, na sake juyawa, yanzu tuƙi ashirin kafin ya kawo rabin bokiti. Baban yara ya ce ranar da ya tsaya, washegari mun kama hanya. Gida goma sha ɗaya sun ce da su."

"Ki ce ya ba ni kwana goma."

"Haka ka ce wancan karon."

"Wancan karon ina fama da ɗalibi mai taurin kai. Yanzu ya soma jin karatu."

"Ina jin ka fa," in ji Baduku.

Auta ta yi 'yar dariya. "Kawu Baduku, ina wuni? Kana ƙoƙari da shi. Mu nan mun san halinsa."

Da aka kashe wayar, Baduku ya yi ta juya ta a hannu. Can ya ce, "Injiniya, in abin ya ƙi, su zo mana. Ga ɗaki, ga Gwaggo. A san yadda za a yi."

Da 'yan benci za su ji wannan magana daga bakinsa, da sun ce an sauya musu shi. Mai Famfo bai yi tsokanar ba.

"Hanyar nan na bi ta. Kwana biyar a daji, ba a bin titi, ba a kunna wuta. Na ga takalman yara a cikinta, Maigida. Irin ƙananan nan. Ɗaya a nan, ɗaya can gaba." Ya ja numfashi. "'Ya'yanta uku. Ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba."

Baduku ya san takalmi. Ya san yadda uwa ke dawowa shago da ƙafa ɗaya ta takalmin ɗanta tana neman a yi mata 'yar'uwarta, don ba ta yarda ta yar. Ya fita ya je ya taɓa fatar da ke ɗaure a katako ya ji ko ta bushe, ko da yake ya san da saura.

Rana ta uku ya kwance noti, ya datse bakin da wuƙarsa mai kaifi, ya huda tsakiya. Gwaggo ta narka kaki da kitse a tsohon gwangwani a kan kurfoti. Da ya miƙa hannu zai tsoma, sai ta riga shi ɗauke fatar.

"Kawo, Tsohuwa."

"Fita."

"A gidana?"

"A gidan haya dai. Je ka shago ka gaisa da takalman mutane, sun yi kewarka. Ni zan tsoma, ni zan ajiye, sai ta huce ta yi tauri za ka gan ta."

"Ke me kika sani a fata?"

"Na san taka. Shekara talatin da takwas ina jimarta, ba ta yi laushi ba."

Daga cikin ɗaki aka ji Mai Famfo yana bubbuga tabarma da tafin hannu, don dariyar ba ta da hanyar fita. Baduku ya fice yana ƙunƙuni. Ya zauna a shago ya ɗauki wani takalmi ya ajiye, ya ɗauki wani ya ajiye. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi.

Da la'asar Gwaggo ta fito da fatar daga ƙarƙashin kwanon da ta kife, ta kai wa Mai Famfo da kanta. Ya zagaya da yatsa sau ɗaya. Ya sake zagayawa. Baduku na tsaye yana jiran ɗaya daga cikin maganganun nan biyu, "ta yi" ko "ba ta yi ba", amma ba wadda ta fito.

"Sa ta a ruwa," in ji Mai Famfo.

Baduku ya ɗaura ta a rodi ya zura a silinda. Ta shige salin-alin, har tana ƙwanƙwasa gefe. Ya ja mariƙin. Wani ɗan ruwa ya leƙo bakin bututu ya koma, kamar mai jin kunya. Ya ja da ƙarfi, ya ƙara, gumi ya karyo masa. Ko cikin kofin shayi bai samu ba.

"Ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa? Kwana uku a banza!"

"Bar ta ta sha."

"Ta shida fa ranar farko..."

"Ta shida tana ina yanzu? Bar ta. Kwana da wuni. Gobe war haka."

Washegari da safe Gwaggo ta kai ruwan ɗumi ta fito da sauri, ta kira mijinta da ido kawai. Baduku ya shiga. Mai Famfo yana jingine inda yake, amma fuskarsa ta faɗa, leɓɓansa sun yi duhu, numfashin yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya yi nuni a buɗe ƙofa sosai. Daga tabarmarsa ana hango duron, da mariƙin katako a tsaye a cikinsa, rana ta soma sauka a kai.

Baduku ya tsuguna. Ya ga mutane da dama a wannan hali, ya san la'asar ta yi wa wannan nisa.

"Injiniya, bari in gwada ta yanzu. Ta kwana ai."

Kai ya kaɗa.

"Sau biyu kawai zan ja. Ka gani da idonka."

"In ka ja... ba ta kawo ba... za ka taɓa ta." Kowace kalma sai ya je ya ɗauko ta daga nesa. "Na san ka."

"Wallahi ba zan taɓa ba."

"To ka bar ta. La'asar."

"Kai fa? Ba ka so ka sani?"

Mai Famfo ya ɗan ɗaga babban yatsansa, ya dube shi, ya mayar a kan zane. Ko me yatsan ya gaya masa jiya, bai faɗa ba. Ya kamo hannun rigar Baduku.

"Katakon... ka ba Auta. Ka nuna mata. Kar ka aika da fata kawai. Fata tana ƙarewa."

"Na ji."

"Majemi... akwai a kasuwarmu. Ƙirgin sa, ba na saniya ba. Na gadon baya."

"Ni za ka koya wa ƙirgi?"

Bakinsa ya ɗan motsa, alamar murmushi. Daga nan bai ƙara maganar famfo ba. Gwaggo ta zauna ta ɗaya gefen tana jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta, Baduku yana maimaita masa kalmar shahada a hankali, yana bi da leɓe. A waje rayuwar gida na tafiya yadda ta saba, wata na daka, wata na yi wa ɗanta faɗan ya ɓata wando, mai kayan gwangwani na wucewa yana kira. Hantsi bai gama dubawa ba, numfashin ya fita, aka jira ya dawo, bai dawo ba.

Gwaggo ta yi salati ta ja zane ta rufe masa fuska. Baduku ya zauna a wurin, hannun rigarsa har yanzu a cikin yatsun mamacin, sai da ya zare su ɗaya bayan ɗaya.

'Yan benci su suka fara zuwa, har da wanda ya taɓa tambayarsa me ya fito da shi. Aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi bayan azahar. Mutane sun fi yadda Baduku ya zata. A ƙofar makabarta mai rajista ya buɗe littafi ya tambayi suna, Baduku ya faɗa masa cikakke, har da na uba.

"Daga ina?"

Masu ɗauke da makara suka dubi juna.

"Daga ɗakin da ke jikin nawa," in ji Baduku.

Mai rajista ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Baduku bai kau da ido ba. Mutumin ya sunkuya ya rubuta sunan unguwa, ya ce Allah ya jiƙansa, ya buɗe musu ƙofa.

Da suka dawo, inuwar katanga ta riga ta rufe rabin tsakar gida. Masu gaisuwa suka watse kaɗan-kaɗan. Baduku ya yi sallar la'asar, ya naɗe hannun riga, ya je ya tsaya a gaban duron. Akwai sauran jar ƙasa a ƙarƙashin ƙumbarsa. Ya daɗe a tsaye bai taɓa mariƙin ba.

"Malam," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, "ko ka tsaya har gobe, abin da ke ciki shi ke ciki."

Ya yi bisimilla ya ja.

Tun a ja na farko ya ji bambanci a kafaɗarsa. Ba ta rawa, ba ta kuma cije ba. Wani nauyi ne mai laushi, kamar ka ɗago yaro mai barci. A ja na biyu bututu ya yi kakari. A na uku ruwa ya fito cike da bakin bututu, ya zuba a duro da ƙarfi har ya fantsamo masa a riga. Ya ci gaba da ja, goma, ashirin, hamsin, yana jira ta cije kamar 'yan'uwanta. Ba ta cije ba.

Ya juya wajen ɗan ɗakin, bakinsa a buɗe da magana. Ƙofar na nan a buɗe yadda aka ce a bar ta. Ya rufe bakinsa.

Gwaggo ta miƙo masa wayar. "Tun ɗazu take kira. Ban ɗauka ba. Wannan ba maganar da za a ji daga bakina ba ce."

Ya goge hannu a riga ya kira. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba?"

"Kawunki ne, 'yata."

Daga jin muryarsa ta riga ta gane. Duk da haka ya faɗa mata yadda ake faɗa, ya ce sai haƙuri, Allah ya yi masa cikawa da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa, ba shi kaɗai ba, kuma an kai shi cikin mutane. Ya ji ta yi salati, ya ji kukan ya ƙwace mata, ya ji wata mata a kusa da ita tana tambaya lafiya. Bai katse ta ba. Ya riƙe wayar yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin bututu.

Da ta samu kanta, sai ta ja hanci ta ce, "Kawu... fatar fa?"

Ba wanda zai faɗa in ba shi ba. Ya gyara murya.

"Ta yi."

"Shi ya ce?"

"Ni na ce. Ki gaya wa mijinki ya kwance kayansa. Ina da busasshen ƙirgi, zan ɗaure wata yau. Ran da ta fito zan taso da su biyun, da katakon, in nuna miki da hannuna. Ni ina da takarda, ta ƙofa zan shigo."

"Ka san hanya?"

"Matambayi ba ya ɓata."

"Da ni za a," in ji Gwaggo da ƙarfi don a ji a can. "In ba haka ba zai koya miki ɓarna."

Auta ta yi wani sauti, rabi kuka rabi dariya. Sannan ta ce, "Kawu, ka ja in ji."

Baduku ya ɗora wayar a kan bulo kusa da duron, ya kama mariƙin da hannu biyu ya shiga ja.

"A hankali," in ji muryar daga kan bulo. "Kana sauri. Ka kai shi har sama, ka sauke har ƙasa. Yauwa. Haka."

Ya sassauta. Ruwan ya daidaita, yana fita yana komawa. Wayar na nan a kan bulo, ba a kashe ba. Wata 'yar tsuntsuwa ta sauko bakin duron, ta karkata kai tana duban tsohon, ta tsoma baki ta sha.